Ƙadangaren ɗan maigidana ya yi baƙi, a taimaka kafin su dawo

Sani Direba, Lekki: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ikko. Ina da matsala, kuma don Allah kada a yi mini dariya. Maigidana ya tafi Ingila da iyalinsa tun ranar Lahadi, sati uku za su yi. Ya bar mini amanar gida, har da wani ƙadangare da ɗansa yake kiwo a akwatin gilashi. Ba irin namu na kan katanga ba ne. Wannan faffaɗa ne, gefen jikinsa duk ƙaya-ƙaya, daga baki zuwa wutsiya ya kai kamu guda, kuma yana da wata fata a maƙogwaro kamar gemu. Yaron diragon yake ce masa. Ranar da suka tafi launinsa kamar yashin bakin teku ne, da ɗan ɗorawa-ɗorawa. Yau da safe na shiga ba shi abinci na tarar bayansa ya yi duhu kamar an goga masa gawayi, ga gemun nan ya kumbura ya yi baƙi ƙirin. Ko kallon abincin bai yi ba. Ciwo ne? In ya mutu a hannuna ban san da wane baki zan yi bayani ba.

Iliya Mai Canji, Agege: Wa alaikumus salam. Sani, daga tuƙi ka koma kiwon ƙadangaru? Allah ya sanya alheri. Ka zo bayan gidanmu in kama maka goma kyauta, ka zaɓi mai kyan gani ka jefa a akwatin, yaro ba zai gane ba.

Hajiya Ladi, Mile 12: Iliya ka ji tsoron Allah, bawan Allah yana cikin tashin hankali kana wasa. Sani ɗana, turo hoto mu gani.

Sani Direba: Ga shi nan Hajiya. Na farko yaron ne ya tura mini tun kafin su tafi, na biyun yanzu na ɗauka.

Hajiya Ladi: Ikon Allah! Kai ka ce dabba biyu ce.

Baba Ɗanjuma, Alaba Rago: Wannan ai dangin hawainiya ne, ba wani abin tada hankali. Duk abin da ke kusa da ita launinsa take ɗauka. Yaro, duba ka gani, ko ka ajiye baƙin tsumma ko baƙar leda kusa da shi? Ka ɗauke, ka shimfiɗa farin ƙyalle, zai dawo daidai. Mu da muka taso a karkara mun san wannan tun muna bin awaki.

Nura, ɗalibi a Akoka: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, a ba ni dama in sa baki, don wannan fannin nake karantawa. Ba hawainiya ba ce. Ƙadangare mai gemu ne, a kimiyyance Pogona vitticeps, kuma asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostareliya. Waɗanda ake sayarwa a duniya yanzu haihuwar keji ne, domin tun a shekarun 1960 ƙasar ta hana fitar da namun dajinta. Sauya launi kuwa aikinsa ne na kullum, ba alamar mutuwa ba ce a karan kanta. Abin da za a duba shi ne wane ɓangare na jikin ne ya sauya, don bayansa da gemunsa ba magana ɗaya suke yi ba. A 2016 masu bincike na Jami'ar Melbon sun gwada waɗannan ƙadangaru a zafi daban-daban, daga digiri 15 zuwa 40. A sanyi bayansu ya yi duhu, a zafi ya koma haske mai ɗorawa. Gemu da ƙirji kuwa ba su bi zafi ba sam, sai in ƙadangaren ya ga ɗan'uwansa, wato wajen faɗa ko neman mace. A hoton yaya Sani duka biyun sun yi baƙi. Ni a ganina abu biyu ne ke damunsa lokaci guda: sanyi yake ji, kuma akwai abin da ke ɓata masa rai.

Iliya Mai Canji: Sanyi a Ikko? Nura, ko dai karatun ya fara yi maka yawa? Mu nan gumi muke sharcewa.

Likita Maryam, Oko-Oba: Nura ya yi daidai. Ni aikina ya fi yawa a kan shanu da tumaki, amma ana kawo mana irin waɗannan jifa-jifa daga cikin tsibiri. Malam Sani, amsa mini tambaya uku. A wane ɗaki akwatin yake? Akwai fitila a samansa, kuma tana kunne? An motsa shi daga inda yake bayan tafiyarsu?

Sani Direba: Likita, a ƙaramin falo yake. Fitila akwai har biyu, ɗaya zagayayya mai zafi, ɗaya doguwa. Gaskiya ni na kashe su tun ranar Litinin. Na ga rana tsaka fitila tana ci, ga maigida ya ja mini kunne a kan man janareta, sai na zare soket ɗin. Maganar motsawa kuma, mai shara ta tura teburin zuwa jikin bango don ta goge ƙasa, ba mu mayar ba.

Likita Maryam: Esi fa?

Sani Direba: To... a falon nake kallon ƙwallo da dare. Nakan kunna. Wani lokaci barci ya ɗauke ni har asuba.

Iliya Mai Canji: Allahu akbar! Ka kashe wa ƙadangare fitila don tattalin mai, kai kuma ka kwana a esi. Sani, kai ne ƙadangaren bakin tulu a gidan nan, ba shi ba.

Sani Direba: Na karɓi laifina. A 18 nake sa shi.

Likita Maryam: To an gano rabin matsalar. Je ka mayar da soket ɗin yanzu kafin ka karanta sauran, ka kashe esin. Jikin wannan dabba ba ya samar da ɗuminsa kamar ni da kai, aro yake yi daga rana ko daga fitila. Zafin jikin da ya fi so wajen digiri 35 ne, kuma sai ya kai kusa da nan cikinsa ke narkar da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa ya ƙi ci. Kwana da kwanaki ke nan yana ɗaki mai sanyi ba fitila, ga damina, hadari ya rufe gari. Duhun da ka gani a bayansa ƙoƙari yake ya zuƙi duk ɗan zafin da zai samu.

Malam Habu, Agege: Sani, kai direba ne, ba sai an yi maka dogon turanci ba. Ka ajiye baƙar jif da farar bas a filin ajiye motoci da azahar, ka dawo bayan awa ɗaya ka dafa kowacce. Wacce za ta ƙona maka hannu? To shi wannan Allah ya ba shi ikon zama baƙar mota da safe, farar mota da rana. Haka nake faɗa wa ɗalibaina a aji.

Sani Direba: Wallahi Malam yanzu na gane. Baƙar motar maigida in ta sha rana ko sitiyari ba ya taɓuwa.

Nura: A wancan binciken ma sun yi lissafi cewa wannan duhun da yake yi da safe yana rage masa kusan awa 85 na zaman shan hantsi a tsawon lokacin barbara. Ga dabbar da shaho ke nema daga sama, rage zama a fili ba ƙaramin abu ba ne.

Baba Ɗanjuma: Duk na ji, amma ban yarda an raba shi da ɓuya ba. Allah bai ba dabba sauya launi don ado ba. Na sha ganin hawainiya a kan rama, sai ka kusa taka ta ba ka gan ta ba. Ku 'yan boko komai sai kun ce ba haka ba ne.

Nura: Baba, ba a ce maganarka ba ta da tushe ba. Akwai wani gwajin da aka yi da ƙadangaru masu gemu daga wurare biyu a Ostareliya, na Alis Sifirins inda ƙasa take ja, da na Mildura inda yashin ya fi ɗorawa. An ga kowanne launinsa ya fi dacewa da ƙasar garinsu, kuma in aka sauya musu shimfiɗa sukan ɗan gyara launi su matso kusa da ita. Saboda haka ɓuya tana ciki. Sai dai iyakarsa tsakanin haske da duhu ne, da ɗorawa zuwa ruwan lemo. Ko ka shimfiɗa masa tutar Najeriya ba zai zama kore ba. Farin ƙyalle kuma ba zai yi wa na Sani maganin sanyi ba.

Hajiya Ladi: Ni abin da ya ɗaure mini kai, ta yaya fata take sauyawa cikin 'yan mintoci? Wani ruwa ne yake fitarwa?

Nura: Hajiya, ba ruwa ba ne. A cikin fatar akwai ƙwayoyin launi hawa-hawa. Na sama suna riƙe da ɗorawa da ja-ja. A ƙarƙashinsu akwai masu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙyalƙyali da ke mayar da haske. Can ƙasa kuma akwai masu baƙin sinadarin melanin, shi ne dai wanda ya sa ni da ke muke baƙaƙe. Waɗannan na ƙasan suna da rassa kamar yatsu da suka miƙo sama ta tsakanin sauran. In melanin ɗin ya dunƙule a tsakiyar ƙwayar, launukan sama sai su fito fes, dabba ta yi haske. In ya bazu cikin rassan sai ya lulluɓe su, ta yi duhu. Saƙon dunƙulewa ko bazuwa daga sinadaran jiki da jijiyoyi yake zuwa. Ba a ƙara baƙin ba, ba a rage ba, wuri kawai ya sauya.

Hajiya Ladi: Wato kamar garin kuka. Yana cikin ludayi ruwan tukunya garau yake, da an kaɗa shi ke nan ta rine.

Nura: Haka yake Hajiya, sai dai shi wannan yana iya tattara kukarsa ya mayar ludayi. Zan ari wannan misalin ranar jarrabawa.

Malam Habu: Hawainiya ita tata dabarar ta wuce nan. A 2015 masana a Jami'ar Jeneba sun nuna cewa wata hawainiyar Madagaska tana matse ko buɗe tazarar da ke tsakanin waɗancan 'yan ƙyalƙyalin, sai hasken da ke dawowa ya tashi daga kore ya koma ɗorawa ko ja. Kuma ita ma galibin rikiɗarta ta faɗa ce da neman aure da zafi. Amma ni abin da nake so a lura, ba sai mun je Ostareliya ba. Jangwadan da ke kan katangarmu da wannan mai gemun dangi ɗaya ne a wajen masana, gidan Agamidae. Dubi yadda suke gyaɗa kai iri ɗaya. Wannan jan kan da shuɗin jikin da kuke gani ba da su yake kwana ba. Da dare yakan dusashe ya koma ruwan ƙasa, sai ya sha hantsi kan ya yi ja. In wani namijin ya kore shi daga katangarsa ma launin yakan disashe. Ina sa yara su je su duba kafin su zo makaranta, rabinsu ba sa yarda sai sun gani.

Baba Ɗanjuma: Mu ƙiski muke ce masa. Kuma ƙiski kullum kansa ja ne, Malam. Wanda ka gani ruwan ƙasa mace ce.

Malam Habu: Ranka ya daɗe, gobe bayan sallar asuba ka duba.

Alhaji Bala, Apapa: Ni duk wannan bai dame ni ba. Mutane na kwana da yunwa a garin nan, wani yana kunna wa ƙadangare fitila biyu da janareta. Har likita da malamin makaranta sun taru a kansa. Duniya ina za ki da mu?

Hajiya Ladi: Alhaji, kai da kake kiwon tantabaru sama da hamsin a saman bene, dawa nawa suke ci a wata?

Alhaji Bala: Tantabara ai ana ci, Hajiya.

Malam Habu: Alhaji, ko a saya ko kar a saya wannan maganar mai gidan ce. Amma tunda an riga an tsare shi a akwati, haƙƙinsa ya hau kan wanda ya tsare. Mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Sani amana aka ba shi.

Sani Direba: Jama'a na kunna fitilun kusan awa ɗaya ke nan. Ya hau kan dutsen da ke ƙarƙashin mai zafin, ya baje kamar an danne shi da faranti. Bayan ya fara washewa, ɗorawar tana dawowa daga gefe. Amma gemun yana nan baƙi, kuma sai gyaɗa kai yake da ƙarfi yana kallon bango.

Likita Maryam: Bajewar nan daidai ce, faɗaɗa jiki yake don zafin ya same shi sosai. Me ke jikin bangon da yake kallo?

Sani Direba: Madubi ne dogo, na ado.

Iliya Mai Canji: Shi ke nan! Kwana huɗu yana faɗa da kansa.

Likita Maryam: Ga ɗaya rabin. Namiji ne, kuma ba ya son ganin wani namiji a yankinsa. Yana ganin wani ƙato a madubi, ya kumbura gemu, wancan ma ya kumbura, ba mai ja da baya. Ka mayar da teburin inda yake, ko ka rufe madubin da zani. Sannan ga wasu abubuwa, don na san halin mutanenmu in an ce abu na son zafi. Kada ka ɗauki akwatin gilashin ka kai rana. Gilashi yana tara zafi, cikin ɗan lokaci zai zama tanda, kuma ba inda zai gudu. A cikin akwatin dole gefe ɗaya ya yi zafi, wajen digiri 40 a kan dutsen, ɗaya gefen ya fi sanyi, shi zai riƙa zaɓa da kansa. Doguwar fitilar nan da ka raina ta fi ƙarfin ado, hasken UVB take bayarwa, wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani, da shi jikinsa ke iya amfani da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. In babu shi tsawon lokaci ƙashi yakan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa. Hasken taga ba ya maye gurbinta, don gilashi yana tare UVB. Ka kunna su da safe ka kashe da dare, kamar awa 12. Kada ka riƙa fesa masa ruwa, ɗan hamada ne, laimar Ikko ma ta yi masa yawa. Kada ka kamo masa kyankyasan gida, ba ka san wanda ya sha maganin ƙwari ba. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa shi ko akwatin, suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa. Shawarar Iliya ta haɗa shi da na katanga kuwa, ko da wasa.

Iliya Mai Canji: Likita na janye.

Likita Maryam: In ka gyara duk wannan amma gemun ya wuce kwana biyu yana baƙi, ba ya ci, idanu sun faɗa ko ba ya iya ɗaga jiki, to ba fushi ba ne, ciwo ma yana sa su baƙanta gemu. Sai ka kira maigidan ka kai shi asibitin dabbobi. In kuma ka ga wani sashe ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, saɓa zai yi. Su ba sa tuɓewa gaba ɗaya kamar maciji, gutsure-gutsure suke yi. Kar ka ɓare masa.

Sani Direba: Jama'a ku yi haƙuri da tashinku cikin dare, ƙarfe ɗaya da rabi yanzu. Na leƙa da tocilar waya na gan shi ya yi fari fat, ya kwanta ya miƙe ƙafa baya, ba ya motsi. Inna lillahi. Ko zafin ne ya yi masa yawa?

Nura: Yaya Sani kwantar da hankalinka, dubi gefen cikinsa, yana numfashi?

Sani Direba: Yana yi, a hankali.

Nura: Barci yake. Haka suke, da dare su yi haske, gab da safiya su yi duhu don su tari rana. An taɓa ajiye wasu a duhu dare da rana, aka ga duk da haka launin yana juyawa a kan lokacinsa, wato agogon a cikin jikinsu yake. Kashe tocilar ka bar shi. Kai ma je ka kwanta, a ɗakinka.

Iliya Mai Canji: A ɗakinka, in ji Nura. Ba a falo ba.

Baba Ɗanjuma: Salamu alaikum. Malam Habu, na idar da asuba na ɗauki kujera na zauna a bayan shagon buhuna, inda wani babban ƙiski yake da katangarsa, na san shi da guntuwar wutsiya. Da gari ya waye ya fito daga ƙarƙashin kwano. Wallahi da ba don wutsiyar ba da na rantse wani ne, kan nan ruwan ƙasa kamar tsohon takalmi. Ina zaune har na sha koko, rana ta ɗan leƙo, sai ga ja yana hawa. Shekarata 34 a garin nan ina wuce su. Amma maganar hawainiya da rama ina nan a kan bakata.

Malam Habu: Allah ya ja kwana Baba. Ta rama ba mu yi musu ba.

Sani Direba: Alhamdu lillahi. Da safe ya ɗan yi duhu, ya hau dutse, zuwa ƙarfe goma ya koma launinsa na hoton farko. Gemun ya sace, ya yi fari-fari kamar sauran cikin. Ya ci gyare shida da ɗan ganye. Yanzu yana zaune a ƙarƙashin fitila baki buɗe, wannan fa?

Likita Maryam: Ya ƙoshi da zafi ne, yana fitar da rara ta baki. In ya ishe shi zai sauka ya koma gefen sanyi.

Sani Direba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Saura matsala ɗaya. Garin rawar jiki jiya na bar murfin robar gyaren a buɗe, sun watse cikin falo, tun magariba suke kuka a bayan kujeru. Waɗanda suka rage ba za su kai Juma'a ba. Wa ya san inda ake sayar da gyare a Ikko?

Iliya Mai Canji: Wannan kam bayan gidanmu akwai.

Likita Maryam: Iliya.

Hajiya Ladi: Sani, duba jikin robar ko ƙofar firij, mai irin wannan kiwon ba ya rasa lambar mai kawo masa. In babu ka tambayi yaron, amma kar ka faɗa masa zancen esi.